Wa ya ce an gama?

Akwai wata magana da ta zama kamar karatun allo a bakin ƴan uwanmu masu son zane da rubutu, a fada, a amfi, har cikin wannan ƙungiya tamu. Wai idan mai zane ya gama tablo, ya sa hannu, fenti ya bushe, to shi ke nan ya fita daga hannunsa. In ya dawo bayan shekara biyar ko goma ya sake ɗora mashi burushi, ya ci amana. Wasu su ce amanar masu kallo ya ci, wasu su ce ta tarihi, masu son nuna zurfi kuma su ce ya ci amanar yaron da ya zana shi tun farko. Maganar tana da daɗin ji, shi ya sa take yawo ba mai tare ta. Ni dai ban yarda da ita ba ko kaɗan, kuma ɓarnar da take yi mana ta wuce zancen fenti. Ita ce ke sa saurayi ɗan shekara ashirin da biyu ya dubi aikin da ya yi yana lise, ya ga inda ya karkace sarai, amma ya naɗe hannu don kar a ce ya taɓa "asali". Bari mu ɗauki maganar da misali na gaske, don a daina jayayya a kan iska.

Mutumin da aka sara

A gidan adana zane na Orsay, a birnin Paris, akwai tablo na Gustave Courbet, mu ce Kurbe, ɗan Faransa da aka haifa a 1819. Kansa ya zana: saurayi kwance ya jingina da gindin itace, ido a lumshe, jini ya ɓata farar rigarsa daidai ƙirji, ga takobi a gefe. Kowa ya gani zai ce wanga an sare shi wajen faɗa. Sunan tablon ma ke nan, mutum mai rauni.

Da aka yi wa tablon radiyo, irin wadda ake yi wa mai karaya a asibiti, sai ga wani labari daban a ƙarƙashin fenti. A 1844, lokacin da Kurbe ya fara zana shi yana da shekara 25, babu takobi, babu jini. Mace ce kwance a kafaɗarsa, su biyu suna hutawa a inuwa. Bayan shekara goma, a 1854, soyayyar ta watse. Masana da yawa suna ganin matar ita ce Virginie Binet, uwar ɗansa, wadda ta bar shi. Sai ya ɗauko tsohon tablon, ya lulluɓe ta da fenti, ya aje takobi, ya ɗiga jan launi a ƙirji. Idon da aka lumshe don daɗi ya koma idon da aka lumshe don zafi, alhali fuskar tana nan inda take.

To, masu cewa cin amana, ku gaya mani: wanne ne "asalin"? Na 1844 da ke cewa ga mu tare, ko na 1854 da ke cewa an kashe ni? Duka biyun gaskiya ne a ranar da aka zana su. Kuma wanda duniya ke layi ta kalla, wanda gwamnatin Faransa ta saya a gwanjon 1881 bayan mutuwarsa, na biyun ne, wato wanda dokarku ta ce bai kamata a yi ba. Akwai tambaya mai nauyi game da matar da aka shafe, kuma zan komo kanta, ban manta ba. Amma tukuna mu duba kalmar da kuka dogara da ita.

"Ya yi" da "yana yi"

Duk ginin naku a kan kalma guda yake tsaye: an gama. Mu da ke karatun harshe aikinmu ne mu buɗe cikin kalma mu ga mi ke ciki.

Bahaushe yana da hanyoyi da dama na cewa aiki ya tsaya, kuma ba ɗaya suke ba. Akwai "ya ƙare", wanda ake faɗa wa fenti, da kuɗi, da haƙuri, da kwana. Akwai "ya bari" ko "ya daina", wato mai yi ne ya janye hannu. Akwai "ya gama", wadda a bakinmu nan ma tana nufin haɗawa, kamar a gama kai. Sannan akwai "ya zanu", "ya ginu", "ya dahu", siffar aikatau mai ƙarewa da -u, wadda ke cewa abin ya kai inda ake so ya kai. Mafi yawan tablon da kuke kira gamamme, in an bi diddigi, ƙarewa ya yi ko bari aka yi: launi ya ƙare, ranar baje koli ta zo, mai saye ya matsa, mushe ya ce a kawo aiki ran Litinin. Tsakanin "na bari" da "ya zanu" akwai tafiya, kuma ba wanda ya san tsawonta kamar mai zanen. Mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo.

Wannan ba wayon ƴan jami'a ba ne, tsofaffin ma'abota sana'ar sun riga mu gane shi. A Latin, mai aiki yana iya sa hannu da fecit, ma'ana "ya yi", ko da faciebat, ma'ana "yana yi". Pline Babba, marubucin Rum da ya mutu a shekara ta 79 lokacin da dutsen Besub ya yi aman wuta, ya ba da labari a gabatarwar littafinsa na ilmin halittu cewa manyan gwanayen Girka irin su Apelles da siffa ta biyu suke sa hannu, don a san aikin yana kan hanya, kuma da an ba su lokaci da sun gyara abin da ya rage. Mikelanjelo ma, da ya sassaƙa Pieta a Rum wajen 1499, yana da shekarunmu, wannan siffar ta "yana yi" ya sassaƙa a jikin dutsen. A dutse fa, inda ba a shafewa.

Mu Hausawa ya kamata mu fi kowa saurin kama wannan, don harshenmu bai damu da agogo ba kamar yadda ya damu da ko aiki ya cika ko yana ci. "Jiya da na zo yana zane", "yanzu yana zane", "gobe war haka yana zane": siffa ɗaya ce, lokaci ne kawai ke sauyawa a gefenta. Mai zane da ke raye yana cikin "yana yi". Ranar da ya koma "ya yi" ba tare da gyara ba, ranar ce ake yi mashi salla.

Tuba a ƙarƙashin fenti

Masu nazarin zane suna da suna ga gyaran da mai zane ya yi wa aikinsa. Italiyawa suna cewa pentimento, Faransawa repentir, duka biyun daga tushen tuba da nadama. Kuma tuban nan ba ya ɓoyuwa har abada, saboda dalilai biyu. Na farko, fentin mai yana ƙara zama garai-garai yayin da yake tsufa, sai abin da ke ƙasa ya fara leƙowa. Na biyu, farin launin da ake amfani da shi a da yana da dalma a ciki, dalma kuwa tana tare hasken radiyo, shi ya sa fuska ko hannun da aka binne yake fitowa a hoton kamar ƙashi.

Da wannan aka gane cewa komawa ga tsohon aiki al'ada ce ta manya. Belaskes na Sifaniya ya zana sarki Filib na huɗu a 1623, shekarar da ya zama mai zanen fada, yana da shekara 24. Bayan wajen shekara biyar ya dawo kan wannan ƙyalle ɗin, ya sake tsayuwar ƙafafu, ya rage faɗin alkyabba. Yau a gidan Prado na Madrid, ko ba na'ura ana hango inuwar tsohuwar tsayuwar. Sarki ya girma, hannun mai zane ya nuna, sai aka sake zama.

Rambaran na Holan ya zana Danaye a 1636, ya koma kanta a shekarun 1640, bayan mutuwar matarsa Saskiya a 1642, ya sake kai da hannu da yadda haske ke faɗowa. Wannan tablon yana da amfani a muhawararmu, don ya ga hannu iri biyu. A ranar 15 ga Yuni 1985, a gidan Ermitaj na birnin da ake kira Leningrad a lokacin, wani mutum ya watsa mashi asid ya kuma yanke shi da wuƙa. Sai da masu gyara suka shekara 12 kafin a sake rataye shi a 1997. Ku da kuke kiran gyaran mai zane "ɓarna", ga ɓarna nan ku gani. In kalma ɗaya kuke da ita ga abin da Rambaran ya yi da abin da mai asid ya yi, to ƙamus ɗinku ne ke da ciwo.

Sai Pierre Bonnard, wanda bai iya ganin aikinsa ya bar shi ba, har Faransawa suka ƙera aikatau daga sunansa, bonnarder, wato ka yi ta taɓa aikin da kowa ya ce ya ƙare. Ana ba da labarin yana shiga gidan adana zane da ɗan akwatin launi a aljihu, ya jira mai gadi ya juya baya. A kwanakinsa na ƙarshe, a farkon 1947, hannu ya kasa, sai da ya roƙi wani ɗan uwansa ya taimaka mashi ya ƙara rawaya a kusurwar tablonsa na itace mai fure. Wannan shi kuke so ku koya wa darajar zane?

A gida ma haka muka tarar

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ake sayar mana da wannan tsoro da sunan al'ada, wai girmama abin da aka gada. Ku je Yama, a jihar Tawa. Magini Falke Barmu ya gina masallacin Juma'ar garin da ƙasa a 1962, ginin ya tsaya, ana salla a ciki. A 1975 ya dawo kansa, ya sake rufin da bakan gizo da tulluwa, daga baya ya tada hasumiya a kusurwoyi huɗu, kowace da kamarta, aka kai 1982 ana aiki. A 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine. Da mutanen Yama sun bi dokarku, da sun riƙe hannun Falke a 1975 sun ce malam an gama. Hasumiyar Agadas da muke alfahari da ita, wadda asalinta ya koma wajen 1515, ai sake ta aka yi a 1844. Adon bangon gidajen Birni a Damagaram, wanda ba a sake shafarsa, damina ce ke cinye shi.

Za ku ce gini daban, zane daban, ƙasa tana zaizayewa dole a gyara. Na ji. Amma Falke bai tsaya ga toshe tsaga ba, ya sake siffar ginin ne don idonsa ya ga abin da bai gani ba a 1962. A fagen magana ma haka: wa ya taɓa tuhumar Mamman Shata don Bakandamiyar da ya rera a wannan wuri ba ta zo daidai da wadda ya rera a wancan ba? Malamanmu na da har waƙar wani sukan ɗauka su yi mata tahamisi, su ƙara layi uku a kan kowane baiti mai layi biyu, kuma ana ɗaukar haka girmamawa.

To daga ina tsoron ya zo? A ganina daga kasuwa. Mai sayen tablo yana son abin da ya saya ya tsaya cak, da shekara guda a jikinsa, don farashi ya zauna. Gidan adana zane yana son lamba guda a kundi. Waɗannan buƙatu ne na halal, amma buƙatun mai saye ne da mai ajiya. Abin dariya ne a ce mu, da yawancinmu ba mu taɓa sayar da tablo na jika goma ba, mu ne muka ɗauki dokar dillalai muka mai da ita ibada.

Hujjojinsu masu ƙarfi

Ba zan yi kamar masu wancan ra'ayi ba su da abin faɗa ba. Suna da shi, kuma ga mafi nauyinsu.

Na ɗaya: yana iya lalata shi. Gaskiya ne, garin neman gira akan rasa ido. Edgar Degas ya karɓi wani zanensa daga hannun amininsa Henri Rouart don ya ɗan gyara, ya yi ta gyara har aikin ya mutu a hannunsa. Don ya biya, ya ba shi wani tablo na ƴan rawa biyu suna motsa jiki a jikin sanda, wanda yanzu yake gidan Metropolitan a New York. Daga baya Dega ya so ya shafe butar ban ruwa da ke gefen wannan tablon, irin ta masu garka, Ruwar ya ce a'a, an sha shi sau ɗaya. To mi wannan ya nuna? Ya nuna gyara yana da haɗari. Zanen farko ma yana da haɗari, kowane layi da ka ja yana iya kashe wanda ya gabace shi. In haɗari ne dalilin hani, to a hana zanen baki ɗaya. Ba wanda ya ce kowane gyara alheri ne. Abin da muke cewa shi ne a yi wa gyara hukunci da ido, a ce wannan ya fi na da ko bai kai ba, kamar yadda ake yi wa kowane aiki. Ku kuwa kun yanke hukunci tun kafin ku duba.

Na biyu: in an sayar fa? Nan Ruwar yana da gaskiya, kuma ba jayayya. Abin da ka sayar ya zama dukiyar wani, ba ka shiga ɗakin mutum da burushi sai da izininsa, Bonar ma da ya yi a ɓoye ya san ba daidai yake ba, shi ya sa yake jiran mai gadi ya juya. Ko dokar Faransa ta 11 ga Maris 1957, wadda ta ba mai fasaha haƙƙin janye aikinsa ko gyara shi bayan ya ba da izinin yaɗa shi, ta ɗora mashi sharaɗin ya fara biyan diyyar asarar da zai jawo. Amma ku lura, wannan iyaka ce ta dukiya da alkawari. Ba ta ce fenti ya zama mai tsarki don ya bushe ba. Tablon Kurbe yana ɗakinsa, bai sayar ba. Yawancin tablon da muke gardama a kansu a nan ma suna jingine bayan katifa a ɗakin masu su.

Na uku, wadda ta fi duka: matar fa? Kurbe ya shafe mace daga hoto don ta bar shi, ya mai da kansa wanda aka zalunta. Ashe wannan ba shi ne sake rubuta tarihi ba, irin na mai ƙarfi da ke goge wanda ba ya da bakin magana? Wannan tambaya tana cizo, kuma ƴan uwa mata da suka yi ta sun fi kowa gaskiya a muhawarar nan. Amsata ita ce: ku tuhumi Kurbe a kan abin da ya faɗa da gyaran, kuna da hanya. Ku ce ya yi son kai, ya yi kukan da ya fi ƙarfin dukan. Wannan suka ce ta ma'ana, kuma da ita ake karanta zane. Amma ba ta haramta komawa ga tsohon aiki ba, kamar yadda ƙaryar da wani ya yi da biro ba ta haramta biro. Wani zai koma ga tsohon tablo ya shafe mace, wani zai koma ya maido da wadda ya bari a inuwa saboda ƙuruciya. Dokarku ta "kar a taɓa" duka biyun take ɗaurewa.

Inda cin amanar take

Akwai cin amana a wannan fage, sai dai ba inda kuke nuna yatsa take ba. Giorgio de Chirico, ɗan Italiya, ya yi zane-zanen da suka girgiza Turai tsakanin 1910 da 1918. Daga baya ya sauya salo, kasuwa kuwa ta ce ita tsohon take so. Sai ya shiga sake zana tsofaffin ayyukansa, ɗaya daga ciki ma ya maimaita shi fiye da sau goma, kuma a kan wasu ya rubuta tsohuwar shekara, don a ɗauka aikin ƙuruciyarsa ne a saya da tsada. Hannunsa ne, fentinsa ne, amma shekarar ƙarya ce. Kuma ku duba abin da ya tura shi: wannan bautar "asali" ɗin dai, wadda ta ce Kiriko na 1917 ne kaɗai ke da daraja, na 1950 ba kowa ba ne.

Ga kishiyarsa. Ingres ya fara wani tablo a Rum a 1808, ya aje shi, ya kammala a Paris a 1848, ya rubuta shekarun biyu a jikinsa. Ba ɓoyo, ba kunya. Mai kallo ya san hannun saurayi da na dattijo ne suka gamu a ƙyalle guda.

To iyakar ke nan, kuma ba ta da wuyar riƙewa. Ka gyara abinka, amma kar ka yi ƙarya a kan yaushe. Laifin da za a iya ɗora wa mai gyara shi ne ya nuna aikin bana ya ce na bara waccan ne, don a ce tun yana yaro gwani ne. Wannan kam a kira shi da sunansa.

Mi ya shafe mu?

Wani zai ce, mu da ke fama da kuɗin fotokopi, ina ruwanmu da Kurbe da Kiriko? Ruwanmu ne, ta hanya uku da nake gani kullum.

Ta farko, ƙyallen zane da fentin kirki tsada gare su, kuma ba a kowane gari ake samunsu ba. Mai zane a nan sau da yawa tsohon tablo ne kaɗai filin da ya rage mashi. In ka gaya mashi haramun ne ya taɓa, ba ka kare fasaha ba, ka dai hana shi aiki, kai da ba ka saya mashi ko gwangwani ɗaya ba.

Ta biyu, masu wancan ra'ayi suna da wani tsoro da na fahimta: ba mu da wuraren ajiya, ba mai yi wa tablonmu radiyo bayan shekara ɗari, in an shafe an shafe ke nan. To maganin wannan yana aljihunmu. Salula ce. Kafin ka ɗora burushi, ka fito da tablon waje da safe, ka ɗauki hotonsa gaba da baya, ka tura wa mutum biyu. Abin da Prado ke kashe kuɗi ta gani da na'ura, kai ka aje shi a minti ɗaya.

Ta uku ita ce ta sa na ɗauki biro. Dokar "an gama" ba ta tsaya ga tablo ba, ta shiga yadda muke kallon juna. Wanda ya rubuta waƙa a wannan ɗan littafi shekara uku da suka wuce, in ya kawo ta da sabon gini, sai a yi murmushi a ce ashe dai ta farko ba ta yi ba. Wanda ya sauya ra'ayi bayan ya ƙara karatu, a ce ba ya da tsayuwa. Mun mai da gyara abin kunya, sannan muna mamakin yadda kowa ke kare kuskurensa har da rantsuwa, daga fada har majalisa. Al'ummar da ta yarda ƙofar tuba a buɗe take ga mutum muddin yana numfashi, ita ce za ta rufe ta ga tablo? Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kakanninmu sun faɗa, mu ne muka manta.

Don haka ga abin da nake nema daga wannan ƙungiya, a tattauna shi a zama mai zuwa. A buɗe shafi a kowace fitowa ga aikin da aka koma kansa, zane ko rubutu, a buga tsohon a hagu, sabon a dama, da shekara biyu a ƙasa. Wanda ya ga tsohon ya fi, ya rubuto ya faɗi dalili, layi da layi, launi da launi. A aje kwafi guda na kowace fitowa wurin da ruwa da gara ba su kai, don kar wani ya zo gobe ya ce bai taɓa faɗin abin da ya faɗa ba. Kuma duk mai tablo jingine bayan katifa, wanda yake kauda ido in ya wuce shi saboda hannun nan da ya fito kamar cokali ko sararin nan da ya mutu, ya ɗauki hotonsa, ya rubuta shekarar farko a baya, ya jiƙa burushi. In ya lalace mu gaya mashi a fuska, in ya zanu mu sha shayi a kansa.